Shaidar Agwagi daga Tafkin Cadi

Tun da na dawo daga Tafkin Cadi ban zauna a wata majalisa ba, a Birnin Kudu ko a Gwaram, face an ce mini, "Akawu, ba mu labarin tafiyar nan." Na bayar har na gaji. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, labarin ya fara yawo ba tare da ni ba, yana ƙara ƙiba a hanya. Da kunnena na ji wani yana faɗa a tashar mota cewa sojojin Faransa sun ɗaure ni kwana bakwai. Ba sojoji ba ne, ba Faransawa ba ne, ba a ɗaure ni ba, kuma abin bai cika awa biyu ba. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya auku, domin duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in huta.

Sai na fara da Baba Dauda, Allah ya jiƙansa, domin don shi aka yi tafiyar. Ni akawu ne a ofishin gona na Birnin Kudu, aikina tsare littattafai. A shekarar da aka sami mulkin kai aka tura ni Gwaram, ina saurayi, da takardar makaranta a aljihu da girman kai a ka. A can na sadu da shi. Mutumin Kwandiko ne, malamin daji, wanda ya yi shekara talatin yana tsaron itatuwan hukuma ba a taɓa jin ya karɓi ko da ƙwan zabo daga hannun mai sara ba. Shi ya koya mini kallon tsuntsu. Bayan la'asar mukan gangara bakin kogi mu zauna a gindin wata ƙirya, yana nuna mini da leɓe: ga gauraka, ga zalɓe, ga dinya, ga kirinjijiya, ga ladin kogi mai dogayen jajayen ƙafafu. Ya koya mini cewa a cikinsu akwai 'yan gida, akwai baƙi. Baƙin su ne wasu ƙananan agwagi masu farar gira, da wasu masu tsinin wutsiya, waɗanda ke sauka idan gero ya shiga rumbu, su tashi kafin zafi ya kankama. Daga ƙasashen Turai suke gudo wa ƙanƙara. 'Yan cin rani yake kiransu. A fadamunmu mukan ga ashirin, wata rana talatin, ni kuwa in rubuta a ɗan littafina da murna. Sai ya yi murmushi ya ce, "Waɗannan ai 'yan rakiya ne, Akawu. Uwar tafiya tana Cadi." Ya yi rani biyu a can yana matashi, kuma yakan ce idan suka tashi gaba ɗaya sukan rufe rana, har mutum ya dube ta da ido bai runtse ba.

Waɗannan yammacin sun wuce. Babban fari ya zo ya shanye fadamun, aka sare ƙiryar aka yi turame, yanar ido ta rufe wa Baba Dauda idanu duka biyu. Bayan farin kuɗin mai ya shigo, samari suka cika gari da babura da akwatunan rediyo, kowa ya zama masani. Wata Juma'a na je Kwandiko gaishe shi, na tarar da shi a majalisar ƙofar gidan Liman, yana ba da labarin agwagin Cadi kamar yadda ya saba. Yana kaiwa wurin rana sai Sale, ɗan ƙanensa, wanda ya dawo daga aikin tashar jiragen ruwa a Ikko da sabon babur, ya kece da dariya.

"Baba, bara fa rabin rana ka ce sun rufe. Bana sun rufe ta duka. Baɗi in da rai har wata za su haɗa."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai rediyo ma ta faɗa, tafkin ya ƙafe, wake ake nomawa a cikinsa. Baba Dauda ya shafa sandarsa. Can ya ce, "To, wataƙila tun a lokacin idon ya fara ruɗina." Wannan magana ta fi dariyar yi mini ciwo. Ƙaryata dattijo a bainar jama'a rashin kunya ne, amma a matsa masa har ya fara ƙaryata kansa, wannan zalunci ne. Na miƙe na ce, "Ina da hutun shekara a watan gobe. Zan je, in ƙirga, in rubuta. Abin da littafina ya faɗa shi ne hukunci tsakaninku. Kun yarda?"

Sale ya ce, "Littafin Akawu ai ba ya ƙarya, kowa ya sani. Mun yarda."

Da zan tafi Baba ya sa aka ɗauko masa madubinsa na hangen nesa, naɗe a cikin wani tsohon rawani. Ya lalubo hannuna ya danƙa mini, ya ce, "In ba ka gan su ba, kada ka ji nauyina. Abin da ka gani shi za ka rubuta."

Na bar Birnin Kudu da hantsi, a tsakiyar sanyi, a gaban wata babbar mota da za ta Maiduguri ɗauko banda. Na sayi sabon littafi, na ja masa layuka da kaina: rana, wuri, irin tsuntsu, adadi, sai fili na ƙarshe domin ƙarin bayani. Direban mutum ne mai fara'a, har muka wuce Kari muna hira. Sai ya tambaye ni wace sana'a za ta kai ni gabas, kifi ko kanwa. Na ce ƙirgen tsuntsu. Ya rage gudu, ya dube ni, ya dubi hanya, bai sake cewa uffan ba sai Potiskum. A can muka tsaya cin abinci. Ina wanke hannu na ga ya ja mai shayi gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Mai shayin ya zo ya tsuguna a gabana cikin ladabi, ya ce akwai wani malami a bayan kasuwa da ke taimakon irin wannan lalura, kuma ba ya tona asiri. Na yi masa bayanin hijirar tsuntsaye dalla-dalla, tun daga ƙanƙara har hamada. Da na gama ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam," ya ƙara mini sukari.

A Maiduguri na sauka a gidan Alhaji Isa, mutumin Gwaram ne da ya daɗe a can yana fataucin banda. Gidan duka warin kifi yake, tabarma da bargo da butar alwala, amma da turaren wuta a kowane ɗaki, su biyun suna kokawa ba wanda ya kayar da wani. A nan na fara cin burabusko na gero da miyar kuɓewa busasshiya, wanda na tarar ya fi tuwonmu sauƙi a ciki, ko da yake ba ya riƙe mutum kamarsa. Gaisuwar Barebari ta ba ni mamaki. Mu a gida mukan ɗaga murya mu dubi juna. Su kuwa sai su sassauta murya, kowa ya kawar da kai gefe, su yi ta jera kalmomi a hankali kamar masu jan carbi, har baƙo ya zaci ta'aziyya ake yi. Da farko na ɗauka rashin sakin fuska ne. Daga baya na gane girmamawa ce, kuma na ji kunyar yadda na riƙa kutsa musu ido.

Daga Maiduguri zuwa Baga yashi ne da ramuka, a bayan akori-kura. Sau huɗu muka sauka muka tura. Da muka isa na nemi a nuna mini tafki, sai aka nuna mini gonaki. Jiragen ruwa na kwance a kan haƙarƙarinsu bisa busasshen taɓo, akuyoyi na kwana a inuwarsu, ga wake da masara sun yi kore shar har iyakar gani. Rediyo ba ta yi ƙarya ba. Na tsaya riƙe da jakata, na tuna dariyar Sale. Wani dillalin kifi ya ce mini ruwan bai mutu ba, janyewa ya yi, kuma ya haɗa ni da wani matuƙi mai suna Madu, Buduma, wato mutanen tsibiran tafkin. Dogo ne siriri, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya gaggawa a kome.

Muka yi tafiyar rabin yini a ƙafa kafin mu kai bakin ruwa. Jirgin Madu ba na katako ba ne. Damman ciyawar ruwa ne aka ɗaure tamau, gabansa a lanƙwashe sama kamar takalmin sarauta. Ba ya nutsewa, amma kuma ba ya hana ruwa tsattsafowa, saboda haka duk wanda ya hau a jiƙe yake zama. Ni kuwa na sa an goge mini wando a Maiduguri, don kada in isa wurin mutane a wulaƙance.

Iyakar ƙasa a cikin tafkin ba ta da alama. Sai dai muka iso wani tsibiri inda aka kafa tuta a kan gora, a gaban wata rumfar kara, da ma'aikata biyu masu kaki. Faransanci da Larabcin Shuwa suke ji, Madu ya yi tafinta. Suka buɗe jakata, suka ga madubi da littafi mai layuka, fuskarsu ta canja. Babbansu ya tambayi abin da na zo yi, na faɗa. Ya yi tunani, sa'an nan ya ce, tsuntsayen na wace ƙasa ne? Na ce daga Turai suke zuwa. Ya ce to ina takardar izini daga masu su? Na fara amsa masa da zafi, Madu kuwa, kamar yadda na gane daga baya, yana juya maganata zuwa gaisuwa da addu'a. Ana cikin haka ƙaramin ya ɗora madubin a ido, ya hango wani jirgi can nesa, ya gane matarsa ce ke dawowa daga kasuwa, har ya ga abin da ta sayo. Nan take bincike ya ƙare. Suka yi ta karɓe-karɓen madubin kamar yara, suka dafa mini shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, zagaye uku, na farko da ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Awa ɗaya da minti hamsin muka yi a wurin. Na duba agogo da isarmu da tashinmu.

Kafin magariba muka kai tsibirin su Madu. Bukkoki ne na kara, kamar talatin, kowace da hayaƙin kashin shanu a ƙofa saboda sauro. Shanunsu farare ne, ƙahonninsu kumbura-kumbura kamar tuluna, kuma iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, makiyayi na biye da su a kan guntun itace. Wani Bafulatanin garin Zandam da na ba wannan labari ya ce in daina, kada in zubar da mutuncina. Aka sauke ni a bukkar baƙi, aka kawo mini gasasshen kifi da ƙwaryar madara tare. Mu a gida tun muna yara ake ja mana kunne cewa haɗa kifi da nono yana ɓata fata. Na san babu wannan a littafin kiwon lafiya, na ci, amma ba zan ɓoye ba, da gari ya waye sai da na duba hannuwana.

Na je gaishe da Bulama, wato mai garinsu, wani tsoho ƙaƙƙarfa mai jin Hausa sosai. Na gabatar da kaina da sunan ofishina, na buɗe littafina na nuna masa layukan ɗaya bayan ɗaya, na bayyana cewa na zo in ƙirga agwagin da ke zuwa da sanyi in rubuta adadinsu. Na yi haka ne domin ya san ba da wasa na zo ba. Ya daɗe yana kallon littafin bai taɓa shi ba. Sa'an nan ya ce, "Madalla. Madu zai kai ka."

Rana ta farko muka nufi gabas. Muka iso wani faffaɗan wuri mara zurfi, gashin tsuntsu ya rufe fuskar ruwa, taɓon bakin gaɓa duk sawu ne, ga kashi ɗanye. Agwagin baƙi kuwa goma sha huɗu na gani. Madu ya ce, "Jiya suna nan." Rana ta biyu muka yi arewa, na sami tara. Madu ya ce, "Shekaranjiya suna nan." Rana ta uku muka yi kudu, ashirin da biyu. Duk na rubuta, domin abin da na gani ke nan. Abin da na samu a kwana uku bai fi abin da muke gani a kogin Gwaram a yammaci biyu ba. Bayan la'asar na zauna a ƙofar bukka ina tsara yadda zan gaya wa makaho cewa na je, kuma ɗan ƙanensa ne da gaskiya. Kowace jimla na ɗauko sai in ji ta yi mini nauyi a baki.

Don in kawar da tunani na shiga bitar littafin, kamar yadda nake yi a ofis kowace ranar Alhamis. Sai idona ya tsaya a filin ƙarin bayani. Ranar farko na rubuta, "An ji bugun garwa daga gabas." Ta biyu, "Bugun garwa daga arewa." Ta uku, daga kudu. Kowace rana kimanin rabin awa kafin mu isa, kuma kowace rana daga inda muka dosa. Na kira Madu.

"Madu, wa ke biki a cikin ruwa kullum da safe?"

"Masunta ne, Malam. Kifi suke kora."

"Su kora shi zuwa ina? Ni ban ga taru ko ɗaya a wuraren nan ba."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi, ashe dariya yake dannewa. Ya ce, "Malam, ni tuƙi aka ce in yi. Garwa ba a hannuna take ba. Je ka tambayi Bulama."

Na je, kuma ban je da sanyi ba. Na ce masa na ci abincinsu, na gode, amma ban taɓa ganin inda ake karɓar baƙo da hannun dama ana yaudararsa da na hagu ba. Na ce na baro gida tafiyar kwana biyar, an bar ni ina zama cikin ruwa kamar kwaɗo, alhali an tura mutum gaba yana korar abin da na zo gani. Ya bar ni na gama tas, sa'an nan ya ce in zauna.

Ya ce, "Malam, zamanin ubana wani ya zo da littafi irin naka ya ƙirga shanunmu. Ka san jangalin da ya biyo baya, ba sai na faɗa ba. A zamanina kuma wani ya zo da doguwar sanda mai lambobi, ya kafa ta a cikin ruwa, kowace safiya ya duba ya rubuta. Mutumin kirki ne, har alewa yake ba yara. Ya tafi, ruwa ya bi shi. Sandar tana nan a tsaye cikin gonar wake, in kana so a kai ka. Da fari ya zo, shanu suka faɗi, kifi ya ruɓe a taɓo, agwagin nan muka riƙa kamawa muna ci. Su suka riƙe garin nan. Su kaɗai suka rage mana da ba su shiga takarda ba."

Na ce masa sanda ba ta ƙafar da tafki. Ruwan sama ne ya gaza a ƙasashen da koguna ke tasowa, kuma wannan sanannen abu ne.

Ya ce, "Na ji, kai ka yi karatu. To, ka iya rantse mini cewa in lamba ta shiga littafin nan ba za ta fita ta je wani ofis ba?"

Shekaruna a ofis sun isa in san yadda takarda ke tafiya da ƙafarta, daga tebur zuwa tebur, har ta kai hannun wanda marubucinta bai taɓa sani ba. Ban iya rantsewa ba, kuma na gaya masa haka. Sai na ba shi labarin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko maimakon layukan littafi: labarin Baba Dauda, da idonsa, da majalisar Liman. Bulama ya ce, "Makaho ne? Kuma ɗan ƙanensa, a gaban mutane?" Ya yi tsaki, ya juya ya yi magana da dattawan da ke gefensa cikin harshensu. Sa'an nan ya ce za a kai ni gobe, bisa sharaɗi. In bar littafi da fensir a hannunsa. Kada in ƙirga ko a zuci. Kuma kada in rubuta wani adadi bayan na fita, ko a Baga, ko a gida.

Na san abin da wannan ke nufi. Ni da bakina na ce littafi ne hukunci, littafin kuwa zai koma Kwandiko da sha huɗu, da tara, da ashirin da biyu. Sa'an nan na miƙa masa littafin, na yi alkawari.

Bayan sallar asuba muka fita, ba garwa, ba magana. Madu ya bi wata siririyar hanya cikin dogayen ciyayi, muka fito wani buɗaɗɗen ruwa daidai lokacin da rana ta ɗago. Na hangi wani baƙin tsibiri shimfiɗe a gabanmu, daga dama har hagu ban ga ƙarshensa ba. Na tambayi Madu sunansa. Sai na ga gefen tsibirin yana motsi. Ban ko buɗe rawanin madubin ba, babu bukata. Masu farar gira ne da masu tsinin wutsiya, ƙirji da ƙirji, ruwa ba ya ganuwa a tsakaninsu, da wani gunaguni mai kama da na kasuwa idan an jiyo ta daga bayan gari. Na ji leɓuna sun fara da kansu, goma, ashirin. Na cije su, na koma tasbihi.

Wata gaggafa ta gitta ta sama. Gefe ɗaya ya ɗaga, sauran suka bi, kamar ana yaye tabarma daga ƙasa. Ƙarar ta shiga mini har ƙirji. Gari ya dushe, na ɗaga kai na dubi rana da idona biyu ban runtse ba. Sa'an nan wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Ruwan da ke jikinsu ya fara zubo mana, yayyafi sosai, mai sanyi, a tsakiyar rani, ba gajimare ko ɗaya a sama. Ya jiƙa mini hula da kafaɗu. Madu ya share fuska yana dariya, ya ce, "Nawa ne, Malam?" Na ce, "Wanda ya halicce su ya sani."

Bulama ya mayar mini da littafina yadda na ba shi, ya haɗa mini da ƙullin banda. A Maiduguri na gaya wa Alhaji Isa damuwata. Ya ce, "Haba Akawu, rubuta dubu ɗari mana. Wa zai je ya duba? Bulama karatu yake yi?" Na ce masa alkawari ba ya bukatar mai karatu, kuma ban taɓa rubuta lambar da ban ƙirga ba, ba zan fara da furfura ba. Ya ce shi ya sa har yanzu a keke nake yawo. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa.

Juma'ar da ta biyo na isa Kwandiko. Majalisa ta cika fiye da kullum, labari ya riga ni. Na gaishe da Liman, na gaishe da Baba, na mayar masa da madubinsa. Sale ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya karanta da ƙarfi, yana jan kowace lamba.

"Sha huɗu. Tara. Ashirin da biyu. Baba, arba'in da biyar ke nan. Ko akuya ba za su yi wa inuwa ba."

Na ce a saurare ni. Na ba da labarin garwa, da sandar awo, da sharaɗin Bulama, da safiya ta huɗu. Ina kaiwa wurin da na dubi rana sai Sale ya katse ni.

"Wannan ai a bakin Baba ka ji, mu ma mun haddace. Kai ka ce littafi ne hukunci, ko ba kai ba ne? To ga littafi. Jama'a, da mai tatsuniyar ɗaya ne, yanzu sun zama biyu."

Bisa ƙa'idar da na kafa da kaina, shi ne da gaskiya. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rawanin. Sai Liman ya yi gyaran murya. Ya yi zaman muhuti a kotun alƙali yana matashi, kuma bai manta aikin ba. Ya ce, "Takarda shaida ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Ga mutum biyu sun ce sun gani. A raba su." Ya ce in tafi can bakin rijiya, inda ba na jin magana, in juya baya. Na tafi. Na tsaya ina kallon guga, minti bakwai, mafi tsawo a rayuwata. Daga baya na sami labarin cewa tambaya ɗaya ya yi wa Baba: ya faɗi wani abu da ya gani a wurin wanda bai taɓa gaya wa kowa ba, har da ni.

Aka kira ni. Liman ya ce, "Akawu, bayan sun rufe rana, sai me?"

Na ce, "Sai aka yi mana yayyafi, Allah gafarta Malam. Ruwan jikinsu ne. Ya jiƙa mini hula."

Wani tsoho a gefe ya ce, "Allahu Akbar." Liman ya dubi Sale ya ce, "Abin da baffanka ya faɗa ke nan, har hular." Sale ya fara cewa shi fa da ma bai ce ƙarya ba ce, cewa ya yi, sai Liman ya ɗaga masa hannu, Sale ya ajiye littafin a kan tabarma a hankali.

Na ce, "Baba, duk zaman da muka yi a bakin kogi, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya ce, "Akawu, ana ƙaryata ni a kan rana, ina ga na ce an yi ruwa da rani?" Ya lalubo gwiwata ya riƙe. "Da sanyi?"

"Da sanyi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya gyara zama, ya jingine sandarsa a bango, ya ɗauko labarin tun daga ranar da ya bar Kwandiko yana saurayi. Har aka kira la'asar ba wanda ya katse shi, kuma a wannan karon bai tsaya a rana ba.